Dizain ɗin cikin kulob ɗin estet: hotunan sun yi kyau amma hankalina bai kwanta ba, me ya kamata in duba?

MamanTagwaye:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin gini da ƙawata cikin gida ku taimaka min da shawara. Ina cikin kwamitin mazauna wani estet na manyan gidaje, kamfanin da ya gina shi ya kusa kammala ginin kulob ɗin da mazauna za su riƙa amfani da shi, akwai babban falo na zama, ɗakin motsa jiki, wurin ninkaya a cikin gini, ɗakin taro wanda mazauni zai iya kamawa in yana da baƙi, ɗakin wasan yara, sai wani ɗan lungu na masu aiki da kwamfuta. Gangar ginin ta tsaya, saura ciki. To an turo mana hotunan 3D daga wajen dizaina, wallahi kyau kam ba a magana, farin mabul mai ƙyalli tun daga bakin ƙofa har ƙarshen falo, gilashi daga ƙasa har sama a gefen yamma, silin kusan mita 6, wata ƙatuwar fitila mai ƙyalƙyali a rataye a tsakiya, kujeru farare tas. Kowa a kwamiti cewa yake masha Allah a sa hannu kawai a wuce wurin. Ni kuma abin da yake damuna na sha shiga irin waɗannan wurare, za ka ga an kashe dukiya amma ba kowa a ciki, in kuma mutum goma suka taru ba ka jin abin da na kusa da kai yake cewa. Kuma in kamfanin ya miƙa ya tafi mu ne za mu riƙa biyan kuɗin kula da wurin har illa masha Allahu. Me zan tambayi dizainan nan kafin a amince? Mabul ɗin ya dace ko a canza? Na gode.

TsohonAkitek:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko ki ajiye hotunan nan gefe ki ce a kawo muku fulan ɗin kowane bene da kujeru da tebura a zane a ciki bisa ainihin girmansu. Hoton 3D mai zanen ne yake zaɓar inda rana take, shi yake zaɓar inda kamara ta tsaya, kuma ba ya nuna yaro da jiƙaƙƙen wando yana gudu. A fulan ne ake kama ƙarya.

Matsalar da nake yawan gani ita ce ana zana kulob ɗin mazauna kamar harabar otal, alhali aikinsu daban. Baƙon otal wucewa yake, minti biyar ya kalli sama ya ce kai, ya hau lif. Mazaunin estet kuwa zai zo wurin nan sati bayan sati shekara da shekaru, burgewar ranar farko ta ƙare masa tun wata na biyu, abin da zai dawo da shi shi ne akwai inda zai zauna ya ji daɗi ko babu. Mutane ba sa son zama a tsakiyar fili kowa na wucewa ta bayansu, za ki ga kujerun jikin bango da na lungu su ake fara cikawa, inda bayan mutum a tsare yake kuma yana hango ƙofa. Saboda haka babban falo guda ɗaya da set ɗin kujeru a tsakiya kuskure ne, gara a yanka shi gida-gida, wurin mutum biyu, wurin mutum huɗu, wurin mutum takwas, ana rabawa da kafet ko kantar littattafai ko tukwanen shuka ko a sauke silin a wani gefen. Kuma kar kujerar da ke fuskantar 'yar uwarta ta wuce kamar mita biyu da rabi, in ta wuce sai an ɗaga murya. Tsakanin kujera da teburin tsakiya santimita 40 zuwa 45 ya isa. Wani mai bincike a Amurka, William Whyte, ya ɗauki shekaru a cikin 1970 da wani abu yana ɗaukar hoton yadda mutane ke zama a filayen birnin New York, cikin abin da ya gano har da cewa mutane sun fi son kujerar da za su iya ja, ko da taku ɗaya ne za su matsar da ita. Ki tabbata akwai irin waɗannan marasa nauyi, ba duka manyan da sai ƙarti huɗu sun ɗaga ba.

Sai ki ɗauki biro ki bi hanyar mutane a kan fulan ɗin. Wanda ya fito daga ruwa ta ina zai bi ya je ɗakin canza kaya, in har zai ratsa falo to an gama lalata falon. Baƙin da suka zo ɗakin taro ta ina za su shiga, ya kamata su sami ƙofarsu da banɗakinsu, ba sai sun bi ta gaban wurin ninkaya suna kallon iyalan mutane ba, wannan ni a wurina ya fi kowane mabul muhimmanci. Masu kawo kaya da masu kwashe shara su ma da tasu hanyar ta baya. Ɗakin yara a sa shi inda uwa tana zaune za ta hango ta gilashi amma ƙofa a rufe. Kuma ki tambaya ina sito, kujeru ɗari na ɗakin taro in an gama ina za a jibge su, don dizainoni da yawa ba sa son ba da fili ga ɗakin da ba ya fitowa a hoto.

Maganar tsaro kuma, ki ce a nuna muku lissafin mutum nawa kowane ɗaki zai ɗauka bisa dokar ginin inda kuke. A ƙa'idar gini ta IBC da ake bi a Amurka misali, ɗakin taro mai tebura da kujeru ana lissafa kamar murabba'in mita 1.4 ga mutum ɗaya, in adadin ya kai 50 dole ƙofar fita biyu kuma su buɗe waje. Mai keken guragu yana buƙatar fili mai faɗin mita ɗaya da rabi ya juya, gangara kuma kar ta fi 1 cikin 12 tsayuwa. Wannan ba don nakasassu kaɗai ba ne, dattijai da masu tura keken jarirai su ne za su fi morarsa.

InjiniyaMaiSauti:

Baba akitek ya gama magana a kan tsari, bari in shigo ta inda Hajiya ta ce ba a jin magana, don wannan ba tsautsayi ba ne lissafi ne. Mabul, gilashi, bangon da aka shafe aka yi wa fenti, duk ba sa shan sauti, mayar da shi suke, sai ya yi ta yawo a ɗaki kafin ya mutu. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Wallace Sabine na jami'ar Harvard ya fitar da lissafin, shi ne ma ya ba da shawara a ginin zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Lissafin a taƙaice, ki ninka girman cikin ɗaki da 0.161 ki raba da yawan abin da ke shan sauti, ya ba ki sakan nawa amo zai yi kafin ya lafa. Mu ɗauka falonku mita 20 ne da 12 da tsayin 6, wato kubik mita 1440, in duk jikinsa dutse ne da gilashi amo zai iya wuce sakan 3 ko da an zuba kujeru. Wurin hira ana son sakan ɗaya ko ƙasa da haka, kuma don a sauko nan a ɗaki mai girman nan sai an sami abin shan sauti da ya kai murabba'in mita 230, kin ga kusan silin ɗin gaba ɗaya kenan. Ba kafet ɗaya a tsakiya da labule biyu za su yi maganin abin ba.

Kuma abin yana ninka kansa ne, in hayaniya ta tashi kowa yana ɗaga murya ba tare da ya sani ba, wani likita Bafaranshe Étienne Lombard ya bayyana wannan tun 1911, shi ya sa mutum goma a irin wannan ɗaki suke jin kamar talatin. Dattijai masu raunin ji su ne za su fara daina zuwa kuma ba za su faɗa muku dalili ba. Ki tambayi dizaina kai tsaye, sakan nawa kuka lissafa wa falo da ɗakin taro, kuma kayan silin ɗin nawa ne NRC ɗinsu. Wannan makin shan sauti ne daga 0 zuwa 1, ana son 0.8 zuwa sama a silin. In ya fara kame-kame to ba a yi lissafin ba.

Ɗakin motsa jiki kuma matsalarsa daban ce, ba ta iska ƙarar take bi ba ta cikin kankare take bi. Mutum ya saki ƙarfe mai nauyi a ƙasa, jijjigar ta shiga dekin ta bi fila, sai a ji dum a ɗakin da ba ya ma kusa. Ki duba me ke ƙarƙashinsa da me ke gefensa.

Amma wanda ya fi tsorata ni shi ne wurin ninkaya na cikin gini, don a nan ne ado yake iya zama haɗari. Iskar wurin tana da danshi kuma tana ɗauke da tururin kulorin da ya haɗu da gumin jiki, wannan tururin yana cin ƙarfe a hankali har da sitenles da mutane ke ɗauka ba ya lalacewa. A garin Uster na ƙasar Siwizalan a 1985 silin ɗin kankare na wani wurin ninkaya ya rufto ya kashe mutum 12, bincike ya nuna sandunan sitenles da suka riƙe shi ne suka tsattsage saboda wannan iskar. Don haka duk abin da za a rataya a saman ruwa, silin ne ko fitila ko katakon ado, sai injiniya ya sa hannu a kan irin ƙarfen da zai riƙe shi kuma a bar hanyar da za a riƙa leƙawa ana dubawa. Danshin ɗakin a riƙe shi tsakanin kashi 50 zuwa 60, zafin iskar ya ɗara na ruwan da digiri ɗaya ko biyu don ruwan ya rage tashi, na'urar iskarsa ta zama tasa shi kaɗai, kuma a saita ta yadda in an buɗe ƙofa iska ce za ta shiga wurin ninkayar ba ta fito ba. In ba haka ba warin kulorin zai cika falo, katakon ado ya kumbura, madubi ya fara baƙi daga gefe.

AntiManaja:

Ni aikina kula da irin waɗannan gine-gine ne bayan masu kwangila sun tattara sun tafi, don haka Maman tagwaye ki saurare ni da kyau 'yar uwa. Farin mabul mai ƙyalli a ƙasan da jama'a ke takawa kyan ɗan maciji ne. Mabul dutse ne mai laushi, a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana kan 3, yashin da ke maƙale a takalmi kuma yana kan 7, to kowane taku karce shi ake, cikin 'yan watanni za ki ga hanya ta fito dusu-dusu daga ƙofa zuwa risefshan, gefe yana ƙyalli tsakiya ya mutu. Kuma duk abu mai tsami yana cin fuskarsa nan take, lemo ya zube ko mai shara ya yi kuskure ya sa sabulun wanke banɗaki shi ke nan tabo ya zauna. Za su ce miki ai za a shafa masa maganin toshewa, wannan yana rage shan tabo ne kawai ba ya hana tsami ci. Gyaransa sai an kawo injin a goge a sake folish, a rufe wurin, kuma ba sau ɗaya ba ne abu ne da za ku yi ta yi. Giranit ya fi shi tauri nesa ba kusa ba, tayil ɗin foselin mai kyau kuma ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, shi ya sa muke sonsa.

Santsi kuma kar a bar shi a baki, akwai maki a takardar kowane tayil. Na wurin da ake takawa da takalmi daga R9 zuwa R13 ne, bakin ƙofa inda ruwan sama ke shigowa a ƙafa kar a sauka ƙasa da R10. Na wurin da ake tafiya ba takalmi A, B, C ne, gefen ruwa da wurin wanka aƙalla B, matakalar shiga ruwa da gangara a nemi C. Ki ce a rubuta makin a cikin kwangila. A bakin ƙofa kuma a nutsar da tabarmar goge ƙafa a cikin ƙasa mai tsayin da mutum zai yi taku da yawa a kai, ba 'yar ƙarama da ake tsallakewa ba, ita ce take ceton duk ƙasan ginin.

Farin kujeru kuwa hmm, ina dariya ne kawai. Ki tambayi makin Martindale na yadin, wato sau nawa injin ya goga shi kafin ya fara lalacewa, na gida kamar 20,000 ya wadatar amma wurin jama'a ni ba na karɓar ƙasa da 40,000. Rigar kushin ta zama mai zif da za a cire a wanke, kalar kuma mai ɗan gauraye wadda ba ta tona asiri, hannun kujera shi yake fara baƙi saboda man jiki da na gashi don haka in za a yi shi da katako ko fata ya fi.

Fitilar nan ta tsakiya, tambaya ɗaya, wa zai goge ta kuma da me zai hau mita 6? In ba a sa mata injin saukewa a cikin silin ba to duk lokacin da ƙwai ɗaya ya mutu sai an kafa ƙarafan hawa a kan mabul ɗin da ake lallaɓawa. Fitilun LED da ake ɓoyewa a silin kuma yawanci ba su ne ke fara mutuwa ba, ɗan akwatin da ke ba su wuta ne, to a tara akwatunan a inda za a buɗe da hannu ba sai an fasa silin ba. Ku sa a bar muku rarar tayil da yadi da fenti daga ainihin wanda aka yi aikin da shi, don bayan shekara uku ko kamfanin yana nan kalar sabon ba za ta zo daidai ba. Sannan ɗakin masu shara mai famfo da magudana a kowane bene, wallahi na ga gini mai tsadar gaske da masu shara ke ɗibar ruwan mofa a wurin wanke hannun baƙi saboda ba wanda ya tuna da su a zane.

ƊanDizain:

Ranku ya daɗe manya, duk abin da kuka faɗa gaskiya ne amma ku bar ni in ɗan kare 'yan uwana, don in aka bi maganar Anti manaja ɗari bisa ɗari za a ƙare da ɗakin jiran asibiti, komai toka-toka komai na gogewa da tsumma. Mutanen nan sun sayi gida a wurin ne har da don wannan kulob ɗin, suna so in sun kawo baƙo ya san ya shigo wuri. Ba laifi ba ne a so kyau. Abin da ake yi shi ne a san inda za a zuba kuɗin.

Ni ƙa'idata kayan asali a sa su inda hannu ke taɓawa da inda ido ke sauka, mai juriya kuma inda ƙafa ke takawa. Mabul ɗin kar a jefar da shi, a ɗauke shi daga ƙasa a kai shi bango ɗaya da ke fuskantar ƙofa ko fuskar teburin risefshan, a yanka falle biyu daga dutse ɗaya a buɗe su jijiyoyin su haɗu a tsakiya, wannan bango ɗayan ya fi fili guda na mabul a ƙasa tasiri. In kuma kwamiti sun nace sai dutse a ƙasa to a ɗauki wanda ba a yi wa ƙyalli ba, karce ba ya nunawa sosai a kansa kuma bai kai mai ƙyalli santsi ba, tsofaffin gine-ginen Italiya ai dutse ne a ƙasansu ɗaruruwan shekaru kuma tsufan ne kyansu, sai dai mutum ya yarda tun farko cewa zai tsufa. Foselin mai kwaikwayon mabul kuma a kula, mai araha zanensa kala huɗu ko biyar ne kawai yake maimaituwa, a babban falo ido yana kamawa nan da nan, ki tambaya fuska nawa zanen yake da shi. Hannun ƙofa da abin riƙewa na matakala a yi su da tagulla ta gaske ko katako mai nauyi, mutum ba zai iya faɗin dalili ba amma hannunsa ya san bambanci.

Maganar Injiniya ta sauti ma ba sai an manna soso a bango ba, akwai filastar silin mai shan sauti da take fitowa sumul kamar fenti, akwai siraran katako da ake jerawa da tazara a sa abin shan sauti a bayansu, akwai bangon da ake lulluɓewa da yadi, labule mai nauyi mai ninki. Duk waɗannan ado ne da kansu.

Abin da ba wanda ya taɓo sosai shi ne haske, kuma ni a ganina rabin abin da ake kira alfarma haske ne. Kuskuren da aka fi yi a huda silin a jera fitilu layi-layi farare fat, kowa ya zauna inuwa ta faɗo masa a ƙarƙashin ido. Falo yana son haske mai ɗumi, 2700K zuwa 3000K a ma'aunin kalar haske, ɗakin motsa jiki da lungun kwamfuta za su iya zuwa 3500K ko 4000K, amma kar a gauraya kala biyu a ɗaki ɗaya. Makin CRI ya kai 90 don fatar mutum da katako su fito da ainihin kalarsu. Hasken ya zo daga wurare daban-daban, wani yana wanke bango, wani a kan zane, fitilun tebur da na tsaye a daidai kafaɗar wanda ke zaune, su ne suke sa silin mai mita 6 ya daina danne mutum. Wannan kuma yana nufin soket a cikin ƙasa kusa da kujeru, dole a yanke shawararsa kafin a shimfiɗa tayil, bayan nan sai dai waya a kan hanya. A sa makunnin rage haske mai saiti uku ko huɗu, safe, yamma, dare, taro, maɓalli a bango wanda mai gadi zai iya dannawa, ba sai an nemo wanda ya san manhajar ba.

Kuma Hajiya ku zauna a kan kujerun kafin a yi oda. Akwai kujerar nan ta Barcelona da Mies van der Rohe da Lilly Reich suka zana a 1929, ba dizainan da bai santa ba, ana cika harabobi da ita da 'yan kwaikwayonta, amma ba ta da hannu kuma ta kwanta baya, ki sa dattijo mai ciwon gwiwa a kai ki ga yadda zai tashi. Tsayin mazauni santimita 43 zuwa 46 da hannu mai ƙarfi, aƙalla rabin kujerun su zama haka.

MamanTagwaye:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na kwashe duka na kai zaman kwamiti. An kawo fulan ɗin, Injiniya abin da ka ce a duba kuwa sai ga shi, ɗakin motsa jiki a bene na sama yake daidai kan lungun masu kwamfuta. Gilashin yamma kuma sun ce an riga an saka ba zancen canzawa, wai za su sa labule. Akwai dabara ko mun makara? Maganar mabul ana kan ja, wasu sun ce in ba shi a ƙasa darajar gidajensu za ta faɗi.

InjiniyaMaiSauti:

Ba ku makara ba Hajiya tunda ba a fara shimfiɗa komai ba. Mafi sauƙi a canza wa ɗakunan wuri, a kai masu kwamfuta wani gefen a sa sito ko ɗakin canza kaya a ƙarƙashin masu ɗaga ƙarfe. In ba zai yiwu ba to injinan gudu da keke su tsaya a sama, ƙarafa masu nauyi a sauko da su ƙasa inda kankare ke kwance a kan ƙasa. In shi ma an ƙi sai a yi ƙasa mai iyo, wato a ɗora sabon fulo a kan roba mai kauri ko sifirin yadda ba ya taɓa dekin ko bango kai tsaye, amma yana cin tsayi kuma yana ƙara nauyi, dole injiniyan gini ya duba dekin zai ɗauka, ƙofofi ma sai an gyara tsayinsu. Siririyar robar nan da ake shimfiɗawa tana kare tayil ne kawai, ba ta hana dum ɗin sauka. Kafin ku biya kowa ku yi gwaji, wani ya saki ƙarfe a kan samfurin fulon a sama ku kuna zaune a ƙasa ana aunawa.

Gilashin yamma kuma labule yana tare hasken da ke kashe ido amma zafin ya riga ya shigo ɗaki, na'urar sanyaya ɗaki ce za ta yi ta fama kuma ku ne masu biyan wuta. Tarewa daga waje ta fi aiki, kuma da yake ranar yamma a kwance take zuwa rumfa ta sama ba ta isa, sai faifai na tsaye ko allon waje mai saukowa ko dogayen bishiyoyi. In ba a yarda a taɓa fuskar ginin ba akwai fim da ake mannawa a gilashi, sai dai a tambayi kamfanin gilashin tukuna don wani fim ɗin yana tara zafi har gilashi ya tsage kuma garanti ya tashi. Ki nemi lambar da ke nuna kashi nawa na zafin rana gilashin yake bari ya wuce, ki ba mai lissafin na'urar sanyi ya tabbatar da ita ya yi aiki. Kujerun fata da zane masu tsada kuma a janye su daga inda ranar ke sauka don za su koɗe.

AntiManaja:

Masu cewa sai mabul kar ki yi musu da su 'yar uwa. Ki sa ɗan kwangila ya shimfiɗa murabba'in mita biyu na mabul ɗin da mita biyu na foselin ko giranit gefe da gefe a ƙofar da ma'aikata ke bi, a bar su wata ɗaya, a zuba musu lemo da shayi da ruwan sabulu, sannan a kira kwamiti su zo su gani da idonsu su taka da jiƙaƙƙen takalmi. Ki kuma nemo daga kamfanin goge dutse takardar abin da za a kashe a shekara a kan faɗin falon gaba ɗaya, ki raba da yawan gidaje, ki rubuta wa kowa nasa kason a gaban sunansa kafin a kaɗa ƙuri'a.